Rawar Bututu a Benen Gwaggo

Akwai mutanen da idan ka fara ba su labari su ne za su ƙarasa maka shi, ko da mafarkin da ka yi ne. Mijin Mai Kek yana cikinsu. Ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba, kana tsakiyar zance zai ɗaga tafin hannu ya ce, "Na sani." An ce likita ya taɓa fara yi masa bayanin ciwon da ke damunsa, ya ce ya sani, likitan ya miƙa masa biro ya ce to ya rubuta wa kansa magani. Sunan ya bi shi har ya danne na asali.

Na-Sani yana zaune da iyalinsa a saman benen gwaggon matarsa. A ƙasa akwai shagon Tela da na Mai Aski. Gwaggo tana hawan tsakiya. A can sama kuwa an raba daɓen siminti biyu: rabi an gina ɗakuna da falo da kicin an rufe da kwano, rabi an bar shi fili. A filin akwai rodi da suka fito daga kan ginshiƙai suna kallon sama, irin waɗanda magina kan bari da fatan wata rana za a ƙara hawa.

Babu wurin da ya kai saman nan daɗi a duk gidan. Mai Kek tana son kicin ɗinta mai taga biyu fiye da yadda take son wasu daga cikin danginta. Tela kuwa yana zaune da nasa iyalin a ɗakunan bayan shago, inda iska ba ta taɓa kai ziyara ba, kuma ya daɗe yana ɗaga kai yana kallon saman kamar mage a gaban mai kifi.

Wata rana da hantsi wuta ta ɗauke ana tsakiyar yi wa Tela aski. Injin ya yi shiru a tsakiyar kansa, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji. Na-Sani, wanda ke kan benci ba don yana da aski ba, ya miƙe tsaye.

"Daga yau, ku fara ban kwana da ɗauke wuta a gidan nan."

"Kai aka ba kamfanin?" in ji Tela.

"Kamfanin me? Ku duba nan."

Ya zaro waya ya nuna musu bidiyon wata doguwar sanda fara, tsaye a wani fili, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

"Injin iska ne, amma marar farfela. Ba ya juyawa, ba ya ƙara, ba ya sare tsuntsaye. Iska idan ta bugi abu mai zagaye sai ta rabu biyu ta riƙa murɗawa a bayansa, dama, hagu, dama, hagu, tana tura shi. Sandar ta yi ta rawa. A gindinta akwai maganaɗisu da naɗin waya. Maganaɗisu na kai da komo, wuta na fita."

"Daga rawar?" in ji Mai Aski.

"Daga rawar."

"Ashe asara muke yi. Da tuni mun jona waya a jikin ƙanen matata, shi da ba ya aikin komai sai ita."

"Injiniya," in ji Tela, "in ka gama haska duniya, ka fara da rabin kaina."

Iya abin da Na-Sani ya faɗa gaskiya ne. Masu bincike suna gwada irin wannan sanda. Sai dai bidiyon yana da tsawo, kuma yawancinsa bayani ne a kan yadda ake kafa gindin don rawar ta tsaya a jikin sanda, kada ta bi ƙasa. Na-Sani ya kalli farkon, ya gaya wa mai bayanin cewa ya sani, ya rufe.

Gwaggo ta saurare shi tana jingine da matashi uku, don bayanta ya daɗe yana ciwo. Ba ta katse shi ba, saboda ta san ba ya katsuwa. Da ya gama ta gyara gilashinta.

"Kai ne ka yi min ƙofar da ke buɗe kanta?"

"Ni ne, Gwaggo. Wannan ai matsalar batir ce."

"Ta rufe ni a waje, ni da baƙina, rana tsaka. Kai ne ka zuba kifi a tankin ruwan sha?"

"Kiwon zamani ne, Gwaggo. Mutane ne ba su fahimta ba."

"Na fahimta. A kofina na fahimta." Ta juya wajen Mai Kek, wadda ke tsaye a bakin ƙofa tana kallon silin. "'Yar nan, ki zama shaida. Na ba shi filin sama. Amma idan abin nan ya ɓata min ko da ƙusa ɗaya a gidan nan, ku sauko bayan shago, Tela ya hau. Na gama magana."

A kan matakala Mai Kek ta riƙe hannun rigarsa.

"Maigida, ka taɓa shiga kicin ɗin matar Tela? Idan ta kunna murhu sai ta fito waje ta jira."

"Na sani."

"To ka sani da kyau. In ka raba ni da tagogina, ni da kai ne."

"Ke dai ki fara tunanin inda za ki ajiye firji na biyu."

Ya ɗauko Mai Walda, wani ƙaƙƙarfan mutum mai ƙaramar murya, wanda ya yi suna wajen ƙofofin da ɓarawo kan gani ya yi sallama ya wuce. Suka haɗa bututun ƙarfe mai tsawon mutum uku. Maganaɗisu aka ciro daga tsofaffin lasifiku, waya kuma daga cikin matattun fankoki. Da aka zo maganar inda za a kafa, Na-Sani ya zagaya filin hannu a baya, ya tsaya a kan rodin ginshiƙin tsakiya.

"Nan. Wannan ne ƙashin bayan gidan. Daga nan har harsashi ƙarfe ɗaya ne. Liƙa min shi a nan."

Mai Walda ya liƙa. Da ya ja da baya ya ga bututun yana ɗan lilo, sai fuskarsa ta canza. Ya bari sai da Na-Sani ya fita sayen ƙwan fitila, sannan ya kawo ƙarafa huɗu ya tokare bututun ta kowane gefe, ya yi masa walda irin ta gadar jirgin ƙasa. Ya rungume shi ya jijjiga da duk ƙarfinsa. Ko gezau. Ya tafi gida da kwanciyar hankali.

Na-Sani ya dawo ya ga ƙarafan, ya ɗauka ado ne, ya jona ƙwan fitila ya ja kujera ya zauna. Iska ta zo, ta ɗauke masa hula, ta kifar da bokiti, ta wuce. Bututu yana tsaye kamar sojan da aka ce kada ya motsa. Haka ya yi ta zama kwana da kwanaki. Ana cikin kwanakin nan ya hau da safe ya tarar an ɗaura igiya daga wuyan bututun zuwa ƙarfen tanki, an shanya zannuwan gado da wandunan Tela.

"Wa ya yi wannan?"

Matar Tela ta leƙo daga bayan zanin gado, da abin maƙale shanya a bakinta. "Allah ya saka da alheri, Injiniya. Mun daɗe muna neman abin ɗaura igiya. Ga shi kuwa ba ya motsi ko kaɗan."

Sai a lokacin ya kalli ƙarafan da kyau. Ya sauka da gudu har shagon Mai Walda.

"Wa ya ce ka tokare min shi?"

"Na ga yana rawa."

"To ai rawar ake so!"

Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi. "Malam, tun ina saurayi nake walda. Ba a taɓa nuna aikina an ce ga shi can yana rawa ba. Kana so a gan shi daga titi a ce wa ya yi wannan?"

"A ce ni na yi!"

"Kai za a ce ka yi in ya yi kyau. In ya yi rawa, ni za a ce."

Sai da Na-Sani ya rantse a gaban mutane cewa ba zai taɓa ambaton sunansa ba, sannan Mai Walda ya yarda ya yanke ƙarafan, yana yi yana kawar da kai. Don a rama kwanakin da aka ɓata, Na-Sani ya sa aka datse gindin bututun aka dasa shi a kan sifirin ɗin babbar mota, sifirin ɗin kuma a kan rodin ginshiƙi.

Wannan karon ya yi rawa.

Mai Kek ce ta fara ji. Tana rubuta gaisuwa a kan kek ɗin wata mai ciniki, sai ta ga hannunta yana rubuta wani harshe da ba ta sani ba. Ta ajiye, ta riƙe hannun da ɗayan, ta ga ashe teburin ne. Cokula suna hira a cikin aljihun kabad. Kek ɗin da ke cikin murhun gashi, wanda ya taso gwanin sha'awa, ya yi ajiyar zuciya ya zauna.

A ƙasa, Tela yana bin dogon ɗinki a kan farin yadi, layin ya fita kamar hanyar da maye ya bi. Ya kwance, ya sake, ya duba ƙafar keken, ya duba tasa. Allurai suka riƙa tafiya a kan tebur ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ƙasa. A shagon kusa, Mai Aski yana gyara wa wani ango gemu da reza. Ya daidaita dama, hagu ta fi, ya daidaita hagu, dama ta fi, har aka wayi gari babu abin daidaitawa. Angon ya kalli madubi, madubin ma yana karkarwa.

Suka hau sama su uku, har da angon. Suka tarar da Na-Sani a durƙushe, ya rufe ƙwan fitilar da tafin hannu biyu yana leƙawa ta tsakanin yatsu.

"Ku zo ku gani! Ku tare haske, ku tare haske!"

Suka sunkuya. A can cikin ƙwan, zaren wayar ya yi ja kaɗan, kamar bakin sigarin da aka yar.

"Wannan ce wutar?" in ji Tela.

"Somin taɓi ne."

"Ni na ga wutar da ta fi wannan a idon matata."

"Malam, gemuna fa?" in ji angon.

"Gemu yana fitowa. Tarihi ba ya fitowa sau biyu."

"Gidan gaba ɗaya rawa yake," in ji Mai Aski. "Ka taɓa bango ka ji."

"Na sani. Ƙarfin wutar ne yake bin gini. Jikinku ne bai saba da lantarki mai tsabta ba."

Tela bai tsaya gardama ba. Murmushi ma yake, don ya riga ya fara raba ɗakunan sama a zuciyarsa. Ya ja tawaga zuwa hawan tsakiya, Mai Kek tana bin su a baya, gari har gwiwar hannu. Suka yi sallama. Aka amsa da wata murya mai laushi da ba su san Gwaggo da ita ba.

Tana kwance a kan gadonta na ƙarfe, wanda kansa ke manne da ginshiƙin tsakiya. Gadon yana kaɗawa a hankali. Matasan nan uku suna ƙasa. Idonta a lumshe.

"Gwaggo," in ji Tela, "mun zo ne a kan abin nan na sama. Ya hana mu..."

"Kada wanda ya taɓa shi."

"Na'am?"

"Rabona da jin bayana haka tun kafin a haifi 'yar nan. Na sha magani, na sha allura, an murza ni kamar wanki. Ashe mijin 'yata ne likitana." Ta buɗe ido ɗaya. "Ƙusa ta fita?"

"Ba ta fita ba tukuna, amma..."

"To ku ja min ƙofa."

Wanda duk ya san irin su Na-Sani ya san faɗuwa ba ta yi musu illa. Sun saba da ita. Abin tsoro shi ne su yi nasara bisa kuskure. Daga ranar ya daina gaishe da mutane da hannu, sai da kai. Ya ce wa Mai Aski yana tunanin buɗe ɓangaren lafiya. Ya ce wa Tela idan yana so a ja masa layi zuwa bayan shago, ya nema da ladabi.

Gidan ya koyi zama da abin. Tela ya koma ɗinki sai iska ta kwanta. Mai Aski kan leƙa waje ya kalli ganyen bishiya kafin ya ɗauki reza. Mai Kek ta ɗaure kofuna da tsumma.

"Ka bar shi haka," ta ce masa. "Gwaggo ta ji daɗi, muna samanmu. Don Allah kada ka ƙara komai."

"Matsalarki ƙaramin buri. Ƙwai ɗaya ya yi ja, ke har kin ƙoshi? Kan bututun ne ya yi siriri, iska ba ta samun abin kamawa."

Ya sa aka ƙara tsawon bututun. A kansa aka ɗora ganga, don iska ta sami abin kamawa. Da ya ga gangar ba ta da nauyi, ya sa aka cika ta da yashi, don a cewarsa rawar babba ta fi ta yaro. Mai Walda ya yi aikin da sassafe, ya rufe fuska da ƙyalle. Daga nan Na-Sani ya sa ranar buɗewa, ya gayyaci unguwa, ya gayyato wani ɗan jarida mai kamara. Ya jera ƙwayayen fitila a kan dogon katako, ya ɗaura jan ƙyalle a gaba don Gwaggo ta yanke.

Ranar ta zo, iska ba ta zo ba.

An jera kujerun roba, filin ya cika. An hau da Gwaggo an zaunar da ita a gaba da almakashin Tela a hannu. Rana ta take, ko ganye ba ya motsi. Bututun, da gangarsa a ka, yana tsaye kamar mai tallan da aka hana saukewa.

Na-Sani ya fara jawabi. Ya yi magana a kan man fetur da zai ƙare, da hayaƙin janareta, da tsuntsayen da farfela ke sarewa a wasu ƙasashe, waɗanda ya ce daga yau sun huta. Yana yi yana satar kallon bishiya. Da ya ƙare ya koma farko. Mata suka fara fifita da mayafi.

"Ku ci gaba da fifitar," in ji Tela, "amma ku juya ta wajen ganga."

Aka yi dariya. Na-Sani ya ce a ba shi ɗan lokaci zai duba na'ura. Ya ja Mai Walda gefe, suka yi ƙus-ƙus. Mai Walda ya girgiza kai, ya sake girgizawa, daga baya ya ɓace a bayan tanki. Igiyar shanyar matar Tela tana nan a wuyan bututun. Ɗaya bakin ne kawai aka kwance daga ƙarfen tanki.

"Jama'a," in ji Na-Sani, "wannan inji yana jin iskar da fatar mutum ba ta ji. Ku duba."

Bututun ya karkata hagu. Ya dawo. Ya sake karkata. Aka yi tafi. Ɗan jarida ya ɗaga kamara. Gwaggo ta yanke ƙyalle. Na-Sani ya buɗe hannuwa kamar shi ya halicci hagu da dama.

Sai aka ji tari daga bayan tanki.

"Injiniya," in ji Tela, "iskar taka tana mura."

"Ƙarar na'ura ce."

Aka sake tari, mai tsawo, har da kaki. Wata ƙaramar murya ta ce, "Malam, a miƙo min ruwa."

"Ta ce a ba ta ruwa," in ji Mai Aski. "Ku taimaka wa iska, jama'a, tun ɗazu take aiki."

Dariyar da aka yi ta hana kowa lura da gabas, inda hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Iskar gaske ta iso ba sallama. Ta fara da hulunan maza, ta bi da mayafan mata, sannan ta sami ganga.

Bututun ya tafi dama da gaske. Igiyar ta miƙe, ta fizgo Mai Walda daga bayan tanki, ya fito a guje ba da son ransa ba, ya wuce ta gaban kamara da ƙyallensa a fuska, bututun ya dawo, ya mayar da shi.

"Saki igiyar!" in ji Mai Aski.

"Ta naɗe min hannu!" in ji Mai Walda, yana sake wucewa.

A zagaye na gaba ya samu ya zare hannun, ya faɗa jikin ɗan jarida. Yanzu babu mai riƙe da komai. Gangar tana zana rabin da'ira a sama, sifirin yana kuka, daɓen yana amsawa. Mutane suka ji abin a haƙoransu. Kujerun roba suka fara tafiya da masu su. Wani dattijo da ya zauna a layin baya ya tsinci kansa a layin gaba bai tashi ba. Kujerar Gwaggo ta juya a hankali ta nufi matakala da ita a kai, almakashi a hannu, tana kiran sunan Allah. Daga ƙasa aka ji madubin Mai Aski ya sauka daga bango, bayansa kuma wani abu mai nauyi a hawan tsakiya, wanda daga baya aka gane kabad ɗin tangaran ɗin Gwaggo ne.

A daidai nan ƙwayayen fitilar suka kama. Duka. Fari fat, har suna kashe ido.

"Kun gani!" Na-Sani ya yi tsalle. "Kun gani! Ɗauki hoto! Ina mai kamarar?"

Mai kamarar yana ƙarƙashin Mai Walda. Ƙwayayen suka fashe ɗaya bayan ɗaya kamar ana taka busasshen ganye. Sifirin ya yi wata ƙara ta ƙarshe ya karye. Bututun ya tsaya cak, kamar yana tunanin inda zai nufa. Jama'a duk suna gefe ɗaya, sai ya zaɓi ɗaya gefen. Ya kifa da ka a kan rufin kwanon Na-Sani. Gangar yashi ta huda kwano, ta huda silin, ta sauka a tsakiyar falo. Ƙura ta fito ta tagogin kicin guda biyu.

Gidan ya yi tsit. An daɗe ba a ji shi haka ba.

Aka ƙirga yara, aka ƙirga manya, kowa yana nan. Mai Aski ya juyo da kujerar Gwaggo ta fuskanci jama'a. Ta gyara gilashinta, wanda ya koma kan kunne ɗaya.

"Kai."

"Gwaggo, kin dai ga sun kama. Kowa ya gani. Abin da ya faru shi ne wutar ta yi wa ƙwayayen yawa, wato nasarar ce ta..."

"Kawo makulli."

Ya miƙa. Mai Kek tana kallon ƙurar da ke fita ta tagoginta. Gwaggo ta miƙa wa Tela makullin.

"Na yi alkawari a gaban shaida. Hau."

Tela ya karɓa da hannu biyu. Ya taka zuwa ƙofar da ya daɗe yana mafarki, ya buɗe, ya leƙa. Yashi ya rufe kafet. Gangar ta zauna a inda teburin tsakiya yake a da. Bututun ya ratsa falon a karkace ya fita ta sama, kuma ta gefensa ana ganin hadari ƙarara. Wani ɓallin silin da ya rage yana lilo ya saki ya faɗo a gabansa.

Ya ja ƙofar a hankali ya dawo.

"Gwaggo, wa zai yi gyara?"

"Wanda ke ciki."

Tela ya kalli makullin. "Ni fa dama gwiwata ba ta son matakala. Kuma yaran sun saba da ƙasa. Zafin nan ma, likita ya ce yana da amfani." Ya ajiye makullin a cinyarta.

Gwaggo ta kalli Mai Aski.

"Ni haya nake a wani wuri, Gwaggo, kuma ina jin daɗinta ƙwarai."

Ta kalli sauran jama'a. Kowa ya shiga neman hularsa. Ta jefa wa Na-Sani makullin, ya cafe.

"To zauna. Ba mai sauke ka. Kuma kafinta ba zai hau benen nan da sunana ba."

Na-Sani ya juya wajen matarsa, fuskarsa ta washe.

"Kin gani? An ce za a sauke mu. Wa ya sauke mu?"

Ɗigon farko ya faɗo a kan hancinsa. Mai Kek ta shiga ciki, ta fito da injin kwaɓa kek a hammata da jakar kaya a kafaɗa, ta tasa yaran a gaba.

"Gwaggo, akwai wuri a wajenki?"

"Akwai, 'yar nan. Kabad ya ba da wuri."

A bakin matakala ta waiwayo. "Maigida, ka ci gida. Allah ya sanya alheri. In ya sami rufi ka aiko."

Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗan tsagaita, Mai Walda ya hau ɗaukar kayan aikinsa, ya leƙa falon. Na-Sani yana zaune a kan doguwar kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, lema a hannu, labule na kaɗawa a bayansa.

"Shigo, shigo," ya ce. "Zauna ka ji. Ka zagaya unguwar nan kaf, in ka sami falon da ya kai wannan iska, ka zo ka gaya min."